Cire iska daga kulocin mota a gida: tambayoyi da amsoshi ga direbobi da masu mota a Kumasi

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin direbobin tasi da na trotro da masu motar gida a Asawase, Aboabo, Tafo da sauran unguwanni, duk ranar da fedar kuloci ta yi laushi ko giya ta ƙi shiga. Aikin cire iskar, wanda fitoci, wato makanikai, ke kira bilidin, ana iya yin sa a ƙofar gida da sufana ɗaya da kwalba da ɗan tiyo. Sai dai yana da tsari, kuma iskar ba ta shiga haka kawai, akwai inda ta bi.

Mene ne kuloci mai aiki da mai, kuma yaya zan san irinsa ne a motata?

Kuloci iri biyu ne. Akwai mai waya, inda waya ce ke jan kuloci idan ka taka feda, kamar na Daewoo Matiz. Wannan ba ruwansa da bilidin. Akwai kuma mai aiki da mai, kamar na Toyota Hiace, Nissan Urvan da Sprinter. A nan feda tana tura fistan a cikin masta ta sama, wato ƙaramin famfon mai da ke haɗe da feda, fistan ya tura mai ta cikin siririn bututu, man ya je ya tura fistan na biyu a masta ta ƙasa da ke jikin giyabos, ita kuma ta tura ƙarfen da ke raba farantin kuloci da inji.

Buɗe bonet ka duba bangon da ya raba inji da cikin mota, ta gefen direba, kusa da baƙin gangan nan na birki. Idan ka ga ƙaramar masta da ɗan kofin mai a kanta, ko tiyo ya fito daga kofin man birki ya gangara zuwa wata ƙaramar masta, to naka mai aiki da mai ne. A yawancin bas-bas masu inji a ƙarƙashin kujera, kofin yana cikin mota, a gefen dashbod wajen direba.

Me ya sa 'yar iska kaɗan take hana kuloci aiki?

Domin mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Idan bututun cike yake da mai zalla, duk tafiyar da feda ta yi tana isa masta ta ƙasa. Idan akwai kumfar iska a hanya, rabin takun naka a matse kumfar yake ƙarewa. Sandar masta ta ƙasa dama ba doguwar tafiya take yi ba, a yawancin ƙananan motoci ba ta wuce santimita 1 zuwa 2, don haka ko 'yan milimita ta rasa, farantin ba zai rabu da inji sosai ba.

Waɗanne alamu ne ke nuna iska ce, ba faranti ne ya cinye ba?

Iska tana sa feda ta yi laushi kamar ka taka soso, kuloci ya riƙa kamawa can ƙasa dab da daɓen mota, giya ta riƙa ƙara lokacin shiga, musamman ta ɗaya da ribas. Ribas ce ta fi saurin tona asiri, saboda a motoci da yawa ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu. Gwaji mai sauƙi: kashe inji ka sa giya. Idan ta shiga sumul, amma ta ƙi da zarar inji ya tashi, kuloci ne ba ya rabuwa. Sai ka taka feda sau biyar ko shida da sauri ka sake gwadawa. Idan giyar ta shiga bayan haka, matsalar tana wajen mai, ko iska ko robar masta.

Faranti da ya cinye kuwa akasin haka yake. Giya tana shiga ba gardama, kuloci yana kamawa can sama, amma idan ka ɗauki hawa da fasinja cike, inji ya yi ta kuka mota ba ta ja, wani lokaci har da warin ƙuna. Wannan ko galan guda na mai ka zuba ba zai gyaru ba, sai an sauke giyabos. Akwai dai wani yanayi ɗaya da masta ke jawo irin wannan zamewar, yana cikin amsar da ta yi magana a kan saitin feda.

Ta ina iskar ta shiga tun farko?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara amsawa kafin a taɓa sufana, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Hanyar man a rufe take. Idan ba a kwance wani abu kwanan nan ba, to mai ya ragu har bakin ramin kofi ya sha iska, mai kuma ba ya ƙonewa kamar man inji, zuba yake yi. Wurare huɗu za ka duba. Na farko masta ta ƙasa: ja baƙar robar da ke rufe sandarta baya kaɗan, idan mai ya ɗigo daga ciki ta mutu. Na biyu cikin mota: sa kanka ƙarƙashin sitiyari da tocila, bi sandar da ta tashi daga feda ta shige bango, ka shafa da yatsa, ka duba kafet. Masta ta sama ta nan take zubarwa, shi ya sa mutum zai rantse bai ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba alhali kafet ya sha mai. Na uku tiyon roba da ya haɗa bututun ƙarfe da giyabos, yakan tsage ko ya kumbura. Na huɗu ƙasan giyabos, daidai inda ya haɗu da inji, a motocin da masta ta ƙasa take daga ciki.

Idan kofin birki da na kuloci ɗaya ne, akwai ƙarin dalili. Bakin da kuloci ke shan mai a kofin an sa shi sama da na birki da gangan, don idan mai ya ragu kuloci ya fara mutuwa kafin birki. Saboda haka takalman birki da suka cinye, ko yoyo a wata ƙafa, suna iya sauke man har kuloci ya sha iska. Duk wanda kulocinsa ya yi laushi a irin wannan mota, ya duba birkinsa a ranar.

Wane mai zan zuba, kuma nawa zan saya?

Man birki ne, kuma lambarsa tana rubuce a murfin kofi: DOT 3 ko DOT 4. Waɗannan biyun da DOT 5.1 asalinsu ɗaya, suna haɗuwa. Motar da aka rubuta wa DOT 3 za ta karɓi DOT 4, amma wadda aka rubuta wa DOT 4 kada a mayar da ita DOT 3, domin sabon DOT 3 yana tafasa ne daga digiri 205, DOT 4 kuwa daga 230. DOT 5 daban yake, na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran, kada kamannin lambar ya ruɗe ka.

Man inji, man giya, man sitiyari, fetur ko kananzir, ko cokali ɗaya kada ya shiga. Robobin masta ba sa jure su, kumbura suke yi su lalace, sai an canza masta biyu da tiyo. Wannan ya haɗa da mazurari ko sirinjin da ya taɓa man inji.

Rabin lita ya isa bilidin har da wanke hanyar gaba ɗaya. Sayi kwalba mai hatimi a bakinta. Man birki yana zuƙar ruwa daga iska, ga Kumasi da laima kusan duk shekara, don haka ragowar kwalbar da ta yi watanni a but ɗin mota da murfi a sake ba abin zubawa ba ce, haka wanda ake aunawa daga buɗaɗɗiyar jarka.

Waɗanne kaya zan tanada?

Sufana mai zobe daidai da nipul, wato ɗan kusan nan mai rami a tsakiya da ke jikin masta ta ƙasa. Yawanci 8 ne ko 10, wasu motocin Turai 7, 9 ko 11. Tiyo fari da ake ganin cikinsa, tsawon kamar rabin mita, wanda zai kama kan nipul tsam. Kwalbar ruwa ta roba da aka wanke ta bushe. Babban sirinji, tsumma, tocila, bokitin ruwa, da mutum na biyu idan akwai. Idan sai an ɗaga mota, a samu jak da abin tokare na ƙarfe ko kakkauran katako. Bulon siminti yana fashewa ba sallama, jak shi kaɗai kuma ba abin da za a kwanta ƙarƙashinsa ba ne.

Me zan yi kafin in buɗe nipul?

Ajiye mota a wuri mai daidai, ja birkin hannu, sa giya a firi, tare tayoyi gaba da baya. Bari inji ya huce, domin a motoci da dama hannunka kusa da salansa zai bi. Goge murfin kofi da kewayensa kafin ka buɗe, ƙasa ko ƙwaya ɗaya ce tana iya kartar roba. Zuƙe tsohon man da ke kofi da sirinji, ka bar kaɗan ya rufe ramin ƙasa, sannan ka cika da sabo har layin sama.

Sai ka nemo nipul, ka cire 'yar hular robar da ke kansa, ka goge. Fara sa zoben sufana, sannan ka cusa tiyo a kai. Ɗaya bakin tiyon ya nutse cikin ɗan mai kamar yatsa biyu a kwalba. Idan da hali, tiyon ya fara hawa sama kaɗan daga nipul kafin ya gangara kwalba, ta haka mai ne zai zauna a bakin nipul, kumfa kuma ta hau ta tafi. Gwada kwance nipul ɗin kaɗan ka sake ɗaurewa tun kafin a fara, don ka san yana motsi. Idan ya ƙi, duba amsar nipul da ya cije.

Yaya ake yi idan mutum biyu ne?

Ɗaya a kujerar direba, ɗaya wajen nipul, kuma na ƙasa ne ke ba da umarni. Kalmomi uku sun isa, a yarda da su tun farko: “Taka”, “Riƙe”, “Saki”. Na sama kuma ya riƙa amsawa da baki, “Na taka”, “Na saki”, ko da ɗanka ne ko ƙaninka, ko Yaya ne ya zo taimako, domin na ƙasa ba ya ganin ƙafarsa.

Na sama ya taka feda a hankali sau uku, a na ukun ya riƙe ta a ƙasa. Na ƙasa ya buɗe nipul kwata ko rabin zagaye. Mai zai feso cikin tiyo da kumfa, wani lokaci da 'yar ƙara kamar tsaki. Da gudun man ya tsaya, ya rufe nipul, sannan ya ce “Saki”. Nan ne duk aikin yake: nipul ya rufu kafin feda ta tashi. Idan feda ta tashi nipul a buɗe, masta za ta zuƙo iska ta koma ciki, an dawo gidan jiya. A dakata daƙiƙa uku zuwa biyar bayan feda ta hau, don masta ta sake cika daga kofi, sai a maimaita. Kada a riƙa dukan feda da sauri, hakan yana farfasa babbar kumfa ta zama ƙanana masu wuyar fita, har man ya yi fari kamar an kaɗa shi.

Bayan kowane zagaye uku a leƙa kofi a ƙara mai. Kofin kuloci ƙarami ne ƙwarai, zagaye kaɗan ke shanye shi, idan ya bushe sau ɗaya sai an faro daga farko. A mota mai kofi ɗaya da birki, a riƙe man kusa da layin sama, domin ɓangaren kuloci yana iya bushewa alhali kana ganin mai a kofin. A ci gaba har man da ke bin tiyo ya fito garau, launin sabo, babu kumfa sau uku a jere. Yawanci zagaye 8 zuwa 15 ne. A ɗaure nipul da ƙarfin yatsu a kan gajeriyar sufana, a mayar da hularsa, a cika kofi zuwa layi.

Feda ta kwanta ƙasa ta ƙi tashi a tsakiyar aiki. Na ɓata wani abu ne?

A'a. A motoci da yawa ƙarfin sifirin ɗin kuloci ne ke turo mai baya ya ɗaga feda. Da ka buɗe nipul wannan ƙarfin ya tafi. Na sama ya sa hannu ko bayan ƙafa ya ɗago ta har ƙarshe, a hankali, bayan an rufe nipul. Ta hau har ƙarshe fa, in ba haka ba ramin da masta ke shan mai daga kofi ba zai buɗe ba. Da iska ta ragu za ta fara tashi da kanta.

Ni kaɗai ne, ba mai taka mini. Akwai hanya?

Akwai biyu masu sauƙi. Ta farko a bar mai ya gangaro da nauyinsa: cika kofi, bar murfi a buɗe, buɗe nipul rabin zagaye da tiyo a kai, ka zauna kana kallo. Mai zai riƙa ɗiga, kana ƙarawa a sama, minti 15 zuwa 30. Tana aiki sosai a motar da bututunta ya gangara kai tsaye, tana gazawa idan bututun ya yi gantsarwa sama a hanya.

Ta biyu ita ce sanda ta zama mutum na biyu. Sami katako ko sandar tsintsiya, taka feda da hannu ko ƙafa, ka tokare ta da sandar a jikin kujera, ka matso da kujerar gaba har ta riƙe. Zagaya ka buɗe nipul, ka rufe, ka dawo ka cire sanda ka ɗago feda. Akwai zirga-zirga, amma tsarin daidai yake da na mutum biyu, kuma babu wanda zai saki feda kafin lokaci.

Mene ne turo mai daga ƙasa, kuma yaushe ya fi?

Iska sama take son hawa, bilidin na yau da kullum kuwa ƙasa yake tilasta mata. Wannan hanyar tana bin son ranta. Rage man kofi zuwa rabi. Cika babban sirinji, mai cin mililita 50 ko 60, da sabon mai, haɗa shi da ɗan tiyo, ɗaga bakin sama ka matsa har mai ya cika tiyon ba kumfa. Cusa a kan nipul, buɗe, ka tura a hankali. Feda ta kasance a sama gaba ɗaya, kada kowa ya taɓa ta. Wanda ke kallon kofi zai ga kumfa tana ɓulɓulowa. Rufe nipul kafin ka cire sirinji, zuƙe man da ya taru a kofi da wani sirinjin don kada ya malala, ka maimaita sau biyu ko uku.

Ita ce ta fi dacewa bayan an canza masta ko bututu, lokacin da hanyar ta bushe ƙaf kuma feda ba ta kama komai. Sharaɗi ɗaya: idan tsohon man baƙi ne mai laka, fara wanke shi ta ƙasa tukuna, kada ka tura dattin ya hau cikin masta ta sama. Idan sirinji ya ƙi turuwa sam, ramin masta a toshe yake, duba amsar saitin feda.

Na yi bilidin har kwalba ta ƙare, feda tana nan da laushi. Me ya rage?

Ko iska ta maƙale inda mai ke wuce ta, ko masta ta sama ta gaji. Wuraren maƙalewa su ne gantsarwar bututu, ƙarshen masta ta sama idan hancinta na kallon sama, da masta ta ƙasa idan nipul ɗinta ba shi ne a ƙololuwa ba. Ga masta ta ƙasa da ke waje: kwance kusoshinta biyu, bar bututu a haɗe, karkata ta yadda bakin bututu zai kalli sama, ka tura sandarta ciki da hannu a hankali har ƙarshe, ka bari ta dawo, kamar sau goma. Kumfa za ta hau ta fita a kofi. Amma muddin tana kwance daga giyabos kada wanda ya taka feda, fistan zai yi tsalle ya fito, mai ya zube. Ƙwanƙwasa bututu da gindin sukudireba ma yana sakin ƙananan kumfa. Wasu kan tokare feda a ƙasa su bar ta ta kwana, da safe su ɗago a hankali, yakan taimaka idan abin da ya rage kaɗan ne.

Lura kuma da kumfar ƙarya. Idan an buɗe nipul da yawa, iska tana bin zaren kusan daga waje ta shiga tiyo, ka yi ta ganin jerin ƙananan kumfa masu girma ɗaya ba iyaka, alhali cikin hanyar babu komai. Rage buɗewar zuwa kwata.

Gwajin masta ta sama: a fili inda babu kowa gaba, tayar da inji, taka kuloci, sa giya ta ɗaya, ka riƙe fedar a ƙasa rabin minti zuwa minti ɗaya, ɗaya ƙafar tana kan birki a shirye. Idan mota ta fara jan jiki ko inji ya fara nauyi ba ka ɗaga ƙafa ba, mai yana sulalewa ta gefen robar fistan yana komawa kofi. Ba za ka ga yoyo a waje ba, kofi ma ba zai ragu ba, amma mastar ta ƙare.

Na sayi sabuwar masta ta sama. Sai na yi mata wani abu kafin in ɗaura?

Ƙwarai, a cika ta da mai tun tana hannu. Riƙe ta a kwance daidai, zuba mai a kofinta, sa ɗan tiyo daga bakin fitar mai ya lanƙwaso ya nutse cikin kofin, ka riƙa tura fistan a hankali har kumfa ta daina fitowa. In babu tiyo, toshe bakin da yatsa lokacin da fistan ke dawowa, ka saki lokacin turawa. Minti biyar a nan yana rage maka awa guda a ƙarƙashin mota. Kafin ka cire tsohuwar, auna tsawon sandarta, ka saita sabuwar daidai da shi.

Na duba jikin giyabos ban ga masta ta ƙasa ba, bututu kawai ya shige ciki.

Ta motarka tana ciki ne, an haɗa ta da boris ɗin kuloci abu ɗaya, kewaye da sandar giyabos. Haka Opel Astra G yake, da motocin Ford da yawa. Wurin bilidin yana waje, inda bututu ke shiga giyabos. A wasu nipul ne na ƙarfe, a wasu na roba ne da ake murɗawa da hannu, a wasu kuma sai an danna wani ɗan kilif an jawo bututun baya kaɗan ramin ya buɗe. Kalle shi da kyau kafin ka sa ƙarfi, robar da ta sha zafin inji shekaru tana karyewa kamar busasshen kara. Irin wannan ta fi son turowa daga ƙasa ko taku a hankali. Idan kuma mai na ɗiga daga ƙasan mahaɗar giyabos da inji, kofi yana raguwa, ba aikin ƙofar gida ba ne, sai an sauke giyabos. Tunda an sauke, a duba faranti, domin man yakan jiƙa shi.

Nipul ya cije, ko kansa ya murje. Yaya zan yi?

Kada ka sa filaya ko buɗaɗɗiyar sufana tun farko, su ne ke murje kan. Kankare tsatsa da burushin waya, fesa man sassauta tsatsa a gindinsa, ba shi rabin awa, ƙwanƙwasa kan a hankali, sannan ka sa soket mai kusurwa shida. Ɗan matsa shi ta wajen ɗaurewa tukuna kafin ka juya baya. Rami ne a cikinsa, ƙarfi kaɗan ke tsinke shi. Idan ya buɗe amma mai bai fito ba, cire shi gaba ɗaya ka zura siririyar waya, laka ce ta toshe, abin da rashin hular roba ke jawowa a damina. Idan ya karye a ciki kuma ba ya yoyo, ana iya lallaɓawa ta sassauta notin bututu a maimakonsa, amma gyaran gaskiya shi ne sabuwar masta ta ƙasa.

Kofina ɗaya ne da na birki. Sai na yi wa birki bilidin shi ma?

Ba dole ba, in dai man bai sauka har ɓangaren birki ya bushe ba. Bayan ka gama, taka birki da ƙarfi inji a kashe. Idan ya tsaya da tauri kamar da, shi ke nan. Idan ya yi laushi ko yana nutsewa, kada mota ta fita titi sai an yi wa ƙafafu huɗu.

Bayan canza masta, kuloci yana zamewa idan mota ta yi zafi. Saitin feda ne?

Sau da yawa shi ne. A cikin masta ta sama akwai ɗan rami da ke buɗewa zuwa kofi idan feda ta hau gaba ɗaya. Idan an tsawaita sandar feda da yawa don kuloci ya kama sama, fistan ba ya komawa mazauninsa, ramin ya zauna a rufe. Da safe lafiya lau. Ka shiga cunkoson Kejetia ko Anloga Junction, mai ya ɗumama ya ƙara yawa, ba shi da hanyar komawa kofi, sai ya riƙa danna kuloci kamar ƙafarka na kai. Faranti ya yi ta zamewa har ya ƙone.

Danna feda da yatsa: ya kamata ka ji ɗan wasa na milimita kaɗan kafin sandar ta taɓa fistan. Idan babu, sassauta notin sandar ka gajarta ta rabin zagaye rabin zagaye har wasan ya dawo, ka ɗaure. Ainihin ma'aunin yana littafin kowace mota. Motoci da yawa na baya-bayan nan sandarsu ba ta saituwa, a nan sai a duba ko mastar da aka saya ta motar ce.

Man ya yi baƙi ƙirin. Roba zan canza ko masta gaba ɗaya?

Baƙin nan garin roba ne da ya goge, haɗe da ruwa da datti. Canza man duk shekara biyu yana hana shi kaiwa haka. DOT 4 da ya sha ruwa yana iya tafasa tun daga digiri 155, ruwan kuma yana cin cikin masta.

Buɗe mastar ka haska cikinta. Idan bangon sumul yake kamar madubi, sabbin robobi za su riƙe. A wanke da man birki kawai, a jiƙa robobin da shi kafin a sa, leɓen roba yana kallon wajen mai. Idan farce yana kama karce ko ramukan tsatsa, sabuwar roba ba za ta yi wata guda ba. Masta ta roba kuwa ba a gyara ta. In za ka Suame Magazine, unguwar fitoci da masu sayar da kayan mota, saye, tafi da tsohuwar a hannu, a gwada faɗin ciki, tazarar kusoshi da zaren bututu, domin mota iri ɗaya tana zuwa da masta daban-daban gwargwadon ƙasar da aka yi wa ita. Na hannu da ake kira hom-yus, ja robar ƙurarta ka duba ko a jiƙe take, ka tura fistan ka ji ko yana tafiya ba cijewa. Idan ɗaya ta mutu don tsufa, 'yar'uwarta ma ta kusa, canza su tare ya fi sau biyu ana bilidin.

Mai ya zuba a fenti ko ya shiga ido fa?

Man birki yana cin fenti cikin mintuna. Kwara ruwa mai yawa nan take, kada ka goge da busasshen tsumma. Ido kuma a wanke da ruwa mai tsabta kamar minti 15, idan zafi bai lafa ba a tafi asibiti. Wanda ya taru a kwalba guba ne, ba a mayar da shi kofi, ba a zuba shi a kwata. Rufe shi, yi masa alama, ɗauke shi daga inda yara da awaki ke kaiwa, musamman da yake a kwalbar ruwan sha yake, ka kai inda ake tara tsohon mai a garejin fitoci.

Yaya zan tabbatar aikin ya yi kafin in ɗauki fasinja?

Inji a kashe, feda ta yi nauyi iri ɗaya tun daga kusa da sama har ƙasa, ta kuma tashi da kanta. Wani ya taka kana kallon sandar masta ta ƙasa: ta motsa da zarar feda ta motsa, ta tsaya cik muddin ana riƙe da ita. Tayar da inji, taka kuloci, ƙirga uku, sa ribas. Ta shiga ba ƙara. Kuloci ya fara kamawa bayan feda ta ɗan taso daga ƙasa, wajen tsakiya. Zagaya unguwa minti goma, ka dawo ka shafa nipul da mahaɗan bututu da busasshen yatsa.

Sa alama da biro a jikin kofi daidai inda man ya tsaya, ka duba bayan kwana uku, sannan bayan mako guda. Idan ya sauka ƙasa da alamar, ko laushin ya dawo, koma wurare huɗun nan da aka lissafa a amsar ta ina iskar ta shiga, ka fara da kafet ɗin ƙarƙashin feda.